Kiɗan da 'Yar Fari Ke Turowa

An ɗauke mini 'yata ranar da na yaye ta, kuma har yau ba wanda ya ba ni haƙuri. Ba sace ta aka yi ba. Da rana tsaka aka zo, da sallama, aka ɗaure 'yan kayanta a ɗankwali, yayar mijina ta goya ta daga Ƙofar Gayan zuwa Ƙofar Doka. Ni kuwa ina tsaye a bakin murhu ina juya miyar da ta riga ta nuna, don kada a ga idona. 'Yar fari ce. A gidajenmu 'yar fari ba ta uwarta ba ce. Ba kya kiran sunanta, ba kya wasa da ita a gaban mutane, in an yabe ta ki kawar da kai, in ta faɗi ki jira wata ta ɗaga ta. Kunya ake ce da wannan, kuma ana yabon macen da ta iya ta. Ni na iya ta ƙwarai. Abin da ke ci mini rai ke nan, don a duk sauran al'amuran duniya ba na jin kunyar kowa.

A tambayi lungunmu. Ni ce mai injin markaɗe, shekara da shekaru, kuma duk matar da ta kawo mini wake da tsakuwa a ciki sai ta ji daga bakina kafin ta sauke roba. Na taɓa tare mai unguwa a hanya a kan maganar kwata, ban rage murya ba. Amma yarinyar nan in ta zo gidanmu gaisuwa ranar Juma'a, ta durƙusa ta ce, "Anti, ina wuni," sai in ce, "Lafiya," in ci gaba da wanke injin. Anti take ce mini. Hajiya, wato yayar mijin nawa da ta riƙe ta, ita ce Mama. Ni kuma in zan ambace ta sai in ce "yarinyar can," ko "'yar Hajiya."

Karatu ma a makare na same shi. Na haura arba'in kafin na shiga ajin yaƙi da jahilci na matan aure, don na gaji da dangwala yatsa a takarda kamar wadda aka kama da sata. Wata rana Malama ta ce kowacce ta rubuta sunayen 'ya'yanta, ɗaya bisa ɗaya. Na tsallake layin farko na rubuta huɗu. Ta zo ta duba ta ce, "Ba biyar kika ce mini ba?" Tun kafin in buɗe baki matan aji suka amsa mata, "'Yar fari ce, Malama!" Aka yi dariya, aka ce Allah ya yi mini albarka. Layin nan yana nan wayam a tsohon littafina.

Yarinyar ta yi karatu mai zurfi, ta gama jami'a, ta sami aiki a wani asibiti a ƙasar Turawa, inda suke duba jini. Ana gobe za ta tafi ta zo sallama, ta ajiye waya sabuwa a kan tabarma kusa da ƙafata, da iyafis, wato abin sauraro na sawa a kunne, a nannaɗe. Ta ce, "Anti, tunda yanzu kin iya karatu." Na ce, "To. Allah ya kiyaye hanya." Iyakar abin da na ce ke nan. Da ta fita na shiga ɗaki na rufe ƙofa, na daɗe ban fito ba.

Sati uku da tafiyarta, wata safiya ina ɗaura bel a injin, wayar ta yi ƙara. Na danna abin da ya shigo. Wallahi na ɗauka wayar ce ta lalace. Wata irin ƙara kamar an zuba tsakuwa a injina, ganga a guje, sannan wata mace ta hau ihu kamar an taka mata ƙafa a kasuwa. Na kashe, na fita zaure wurin Malam, maigidana, yana zaune yana aikin allura a wuyan wata babbar riga.

"Malam, duba mini, ko ruwa ne ya shiga."

Ya kara a kunne, ya janye da sauri. "A'uzu billahi. Lafiyar wayar ƙalau. Masu kiɗan ne ba lafiya."

Sai a lokacin na ga akwai rubutu a ƙasa. Na zauna na haɗa baƙaƙen a hankali. "Anti, ina kwana. Wannan ana ce masa pank. Ki saurara sau biyu kafin ki zage ni."

Zagin na riga na shirya shi, amma na sa iyafis ɗin na sake kunnawa. A karo na biyu na ji abin da ban ji ba da farko. Lugude ne. Ina yarinya a gidan kakata, mata uku kan tsaya a turmi ɗaya, wannan ta sauke taɓarya wannan ta ɗaga, a cilla ta sama a yi tafi a cafe, ba wadda ke jiran wata kuma ba wadda ke karo da wata. Haka mai gangar nan yake yi, sai dai shi kamar ana bin sa. Matar kuma ba ihun wahala take yi ba, faɗa take yi. Ban san Turancin da take yi ba, amma na san muryar macen da aka ɓata wa rai ta ƙi yin shiru, don da irinta nake kwana nake tashi. Minti biyu ta gama, ta tsaya cak. Ba gaisuwa a farko, ba ban kwana a ƙarshe, ba ta yabi kowane Alhaji ba. Na ce a raina, wannan 'yar'uwata ce.

Kashegari wata waƙar ta shigo. Rana ta uku ma haka. Daga nan ya zama kullum, da zarar rana ta ɗan ɗaga, lokacin da ita take cikin jirgin ƙasa za ta wurin aiki. Waƙa ɗaya da layi ɗaya ko biyu. "Anti, waɗannan mata uku ne, a garejin mota suka ɗauka." "Anti, wannan mai jitar bai iya ba sosai, amma ki ji zuciyarsa." Wasu ranakun takan turo mai sanyi, jita tana tafiya a hankali, wani yana waƙa kamar bai gama farkawa ba. Ta ce wannan indi rok ne, wato makaɗan da ba su da ubangida, su ke ɗaukar abinsu a ɗaki su fitar da shi da hannunsu. Na ce to, kamar ni da injina ke nan.

Na tsara safiyata a kai. In na gama azkar na share gida, sai in sa iyafis in ja hijabi a kai, in tayar da injin. Mata suna ganin ina gyaɗa kai suna zaton da ƙarar injin nake yi. Ƙarar kuwa ba ta hana ni ji, har wani lokaci sukan haɗu da jitar su tafi tare, in rasa wanne ne wanne. Ban taɓa jin daɗin markaɗen tattasai kamar a watannin nan ba.

Akwai ragowar littafin rubutu da na taho da shi daga aji. A ciki na fara rubuta hukuncina. In kwafi sunan makaɗan baƙi bayan baƙi, ko da ban iya furta shi ba, sannan in rubuta abin da na gani.

"Laraba. Mai ganga yana sauri kamar ya bar tukunya a wuta. Na so shi."

"Asabar. Wannan ta hanci yake waƙa. A ba shi citta."

"Litinin. Mata ukun nan kuma. Ta tsakiyar ba ta tsoron kowa. Na saurara sau biyar."

"Alhamis. Sun yi kwalliya da yawa. Na gareji sun fi."

Littafin ya cika na sayi wani. Amma ko kalma ɗaya ban taɓa mayar mata ba. In na buɗe saƙo, 'yan alamu biyun nan na gefe suna zama shuɗɗa a wayarta, ta san na gani. Ni a ganina wannan ya isa, har ma ya yi yawa ga uwa da 'yar fari. Ta faɗa, na ji, ba wanda ya gan mu.

Da kiɗan na koyi gane halin da take ciki, abin da ban taɓa sani ba tana nan cikin gari. In ta turo mai gudu, lafiya lau take, ko kuma wani ya ɓata mata rai a wurin aiki tana hucewa. Akwai satin da ta jera masu sanyi har shida, na ƙarshen ma ba ganga a ciki sam. Na yafa mayafi na tafi Ƙofar Doka na ce wa Hajiya, "Ki kira yarinyar can, da alama ba ta jin daɗi." Ta kira, ashe kwananta huɗu a kwance da zazzaɓi, ba ta gaya wa kowa ba. Hajiya ta dube ni ta ce, "Ke ya aka yi kika sani?" Na ce mafarki na yi.

Wadda ta fara gano ni maƙwabciyata ce mai ƙosai, wadda kullum ita ke fara kawo markaɗe. Na sunkuya zan ɗauki robarta, igiyar iyafis ta saƙale a hannun injin ta fizge, kiɗan ya fito fili da ƙarfinsa. Ta ja da baya har ta kusa zama cikin bokiti.

"Innalillahi! Ke, mene ne wannan? Bori kika koma?"

"Borin gidanku. Miƙo robar."

"A'a, sai kin gaya mini. Wa ya ba ki?"

Bakina ya riga ni. Na ce 'yar Hajiya ce ke turowa. Ta riƙe haɓa tana dariya, na san kafin azahar lungu ya ji.

Bayan kamar wata guda aka yi suna a gidan Hajiya, matar ɗanta ta haihu. Bayan la'asar tsakar gida ta cika da mata, ana ta rabon waina, ana surutu kowa na magana ba mai sauraro. Sai ga yarinyar ta kira Hajiya ta bidiyo don ta yi barka ta ga jariri. Aka riƙa miƙa wayar hannu zuwa hannu, wannan ta ce ta yi fari, wannan ta ce ta rame, wannan ta ce yaushe za a kawo mana miji. Ni ina gefe a kan tabarma ina ɓare goro, kaina a ƙasa kamar yadda ya kamata, amma kunnena yana kan muryarta. Rabona da jin ta tun ranar da ta ajiye mini waya.

Wayar ta zo hannun mai ƙosai. Ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"'Yar nan, ashe ke ce kike turo wa Antinki kiɗan aljanu? Kullum tana nan tana kaɗa kai a bakin injin kamar ƙadangaruwa!"

Gida ya ɗauki shewa. Ta juyo da fuskar wayar wajena, na ga yarinyar a ciki, da hular sanyi a kanta, tana dariya, tana jira. Mata kusan talatin suna kallona, har da tsofaffin dangin Malam. Na san abin da ake jira in ce, kuma na iya faɗarsa tun ina 'yar shekara goma sha tara.

Na ce, "Ni ina ruwana da shirmenta? Ko buɗewa ba na yi, dannawa nake in wuce don ta daina cika mini waya. Ku tambayi uwarta, ga ta nan." Na nuna Hajiya da haɓa.

Aka sake shewa. Wata tsohuwa ta ce, "Kai, madalla! Irin matan dauri ke nan, ba na yanzu masu rungumar 'yar fari a titi ba." Aka dafa kafaɗata. Ni kuma ina kallon wayar ta gefen ido. Dariyar ba ta bar fuskarta nan take ba, a hankali ta sauka. Ta ce, "To, Anti." Aka wuce da wayar wurin mai jego.

A hanyar gida na gaya wa kaina ai ta sani. 'Yar Zariya ce, a nan ta girma, ta san maganar taro daban. Na kwanta da wannan.

Da safe na gama azkar, na share gida, na sa iyafis. Ba abin da ya shigo. Na ce sabis ne. Na fita tsakar gida na ɗaga wayar sama, na hau kan turmi, na sauko. Na sa aka duba mini data, aka ce tana nan. Har azahar ina taɓa aljihu. Kashegari ma haka. Rana ta uku na kashe wayar na kunna har sau huɗu, na cire layin na goge shi da bakin zane na mayar.

Ban san haka safiya take da tsawo ba. Injin ya koma injin kawai, ƙara ba daɗi. Na gwada sauraron tsofaffin da ta turo, amma ba ɗaya ba ne, don na riga na san abin da suka gaya mini. Abin da nake so in sani yau ne. Ta tashi lafiya? Da mai gudu ta tashi ko da mai sanyi? Zama ya gagare ni. In shiga ɗaki in fito, in ɗauki tsintsiya in share inda na share. Na yi faɗa da mai ruwa a kan abin da bai kai ba, na yi da Malam a kan ya ajiye buta a hanya, wurin da shekara talatin nan yake ajiye ta. Mai ƙosai kuwa na daina amsa gaisuwarta, ko da yake na san ba ita ta sa mini magana a baki ba.

Rana ta takwas na markaɗa attarugu, ban wanke injin ba na zuba geron kunun wata mai jego. Surukarta ta dawo da robar tana zazzaga mini masifa a ƙofar gida, mutane suka taru don su ji abin da zan mayar. Na tsaya ina kallonta. Na ce, "Ki yi haƙuri." Wata ta ce a duba ni ko ba ni da lafiya.

Ranar nan da yamma na kama hanyar Ƙofar Doka a ƙafa, ban hau komai ba, don ƙafar ce ke son tafiya. Na tarar da Hajiya tana tsince shinkafa a faranti.

"Yarinyar can tana kiranki?"

"Jiya ma mun yi magana. Lafiyarta ƙalau. Wani mafarkin kika sake yi?"

Na zauna. Na gaya mata duka, har littafin. Ta ajiye farantin tana kallona kamar yau ta fara ganina.

"Wato duk wannan hayaniyar kina sauraro?"

"Kullum."

"Kuma kina so?"

"Hajiya, akwai wasu mata uku, da kin ji ta tsakiyar..."

"Allah ya tsare ni." Ta yi dariya. Ta ce, "Ni na goya ta, ni na yi mata kitso, ni na raka ta makaranta ranar farko. Ko sau ɗaya ba ta taɓa turo mini wannan abin ba. Ni karatun Alƙur'ani take turo mini da hoton dusar ƙanƙara. Ta san wadda ta gado."

Hajiya ba muguwa ba ce, kuma ita ma nata ɗan farin a hannun wata ya girma. Ba ita nake jin haushi ba. Na rasa ma wanda zan kama.

Ta ce, "Bari in yi mata magana. Ai haka ake yi. In ce Antinki ta ce kada ki ɗauki maganar gidan suna da zafi."

Na yarda, don haka na saba. Duk abin da ya taɓa shiga tsakanina da yarinyar nan ta bakin Hajiya ya bi, daga zanen sallah har addu'ar jarrabawa.

Kwana biyu Hajiya ta biyo ta gidanmu da amsa. "Ta ce ba komai wallahi, ta san kunya ce. Ta ce dama ta jima tana tunanin ko tana damunki, wata da watanni ba ki taɓa ce mata ko uhum ba. Ta ce ki yafe mata."

Ki yafe mata. Da zagina ta aiko da ya fi mini sauƙi. Yarinyar ta koma bayan labulen da na rataya mata tun tana goye, ta durƙusa a can tana ba ni haƙuri da ladabi. Na san in na bar ta a haka, shi ke nan. Za ta riƙa aiko da gaisuwa ta bakin Hajiya har ɗayanmu ya mutu, kowa kuma zai ce mun yi zaman mutunci.

Da Hajiya ta tafi na fita zaure. Malam yana kan rigarsa, zare a baki.

"Kwana goma ke nan kina zagaye gidan nan kamar kazar da za ta yi ƙwai," in ji shi. "Ki kira ta mana."

"In kira ta in ce wa? Yarinyar can?"

Ya cire zaren daga baki. "Ni ma ai ban taɓa kiran sunanta ba."

"To mun taru mun zama bebaye biyu. Wa ya aiko mu, Malam? A wane littafin ka karanta?"

"Ba a littafi yake ba. Haka muka tarar."

"Haka muka tarar da rijiya ma, ga shi kana shan ruwan famfo."

Ya yi murmushi ya mayar da kai kan allura. Ya ce, "Ni dai kada ki kunna mini shi a zaure."

Na koma ciki na ɗauko wayar da littattafaina biyu. Na daɗe da lura in waƙa ta ƙare, akwai wasu da ke jeruwa a ƙasanta, ban taɓa kula su ba. Na zauna a gindin bango daga la'asar na riƙa buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Ashe zaɓen waƙa aiki ne. Wannan ta yi tsawo. Wannan mai gangar malalaci ne. Wannan sun yi gyara har sun kashe ta. Wata na so ta, na duba littafi na ga yarinyar ta riga ta turo mini makaɗan tun watan azumi. Sai na tuna ita kullum take wannan, a tsaye a cikin jirgi, cikin sanyi, tana zaɓar wa matar da ba ta taɓa ce mata uhum ba. Na tashi na zagaya tsakar gida sau biyu na dawo na zauna.

Ana gab da kiran magariba na sami waƙar. Ganga ce ta fara ita kaɗai, dum, dum, kamar taɓarya ɗaya tana jiran 'yan'uwanta. Sai jita ta faɗo. Sai murya, ta mace, kuma ba yarinya ba, murya mai kaushi irin ta wadda ta sha hayaƙin murhu. Ban san me take cewa ba. Na bi littattafan shafi shafi, sunan makaɗan ba ya ciki. Na saurara sau uku, na ajiye, na tashi na yi alwala.

Da safe na gama azkar ban ɗauki tsintsiya ba. Na shimfiɗa littattafan a kan tabarma inda haske ke faɗowa, na ɗauki hoton kowane shafi, har da inda na yi kuskure na soke. Sannan na buɗe wurin rubutu. Na fara da sunanta. Baƙaƙe shida ne, na san su sarai, amma ban taɓa jera su ba, kuma yatsana ya yi ta zamewa sai da na goge sau uku. Da ya tsaya daidai na karanta shi a fili, a tsakar gidana, da muryar da nake kiran sauran huɗun. Malam ya yi tari a zaure.

A ƙasa na rubuta, "Ƙarya na yi a gidan suna. Duk na saurara, ga shaida. Mata ukun nan na gareji sun fi kowa. Ga tawa ta yau, ni na zaɓa. Ki saurara sau biyu kafin ki zage ni. Ni ce uwarki."

Na haɗa da waƙar na tura. Alama ɗaya ta fito, ta biyu ta biyo ta, ba su yi shuɗi ba tukuna. Mai ƙosai tana ta sallama a bakin ƙofa da robar wakenta. Na ce ta shigo, na sa wayar a aljihu, na ja igiyar injin.